Kunnuwan Goggo Tsawa

Ƙanwar babana ce, ciki ɗaya, amma in ka gan su tare ba za ka yarda ba. Babana ko rediyo ya kunna sai ka matso kusa kafin ka gane labarai ake karantawa. Ita kuwa tun daga bakin titi za ka san tana gida. Mu Goggo muke ce mata. Mutanen gidan benen da take haya su suka ƙara mata da Tsawa, ba don tana da faɗa ba, sai don abin da ke fitowa ta tagarta.

Kiɗan rok take ji, irin na masu jitar lantarki da ganguna jere, wanda mawaƙin ke ihu kamar an datse masa yatsa da ƙofa. Mace ce gajeriya mai jiki, ta haura hamsin, ɗankwali ɗaure tam, sai ka same ta tana yanka albasa tana gyaɗa kai ga wannan abin. Babana ya yi nasiha har ya gaji. Yakan ce, "Ke dai ban san inda aka samo ki ba."

Ita kuma ta ce, "Inda aka samo ka, Yaya. Kai ne dai aka manta ba a sa maka batir ba."

Abin ya samo asali tun tana budurwa, lokacin da ta samu aikin shara a wani gidan silima. Ba a barin masu shara su shiga sai fim ya zo ƙarshe, sunaye na hawa a kan allo, mutane na turereniya a bakin ƙofa. Saboda haka fina-finan da ta sani ba su ƙirguwa, amma ta wutsiya ta san su. "Ni ban san wa ya mutu ba, ban san wa ya auri wa ba," in ji ta, "amma da na ji kiɗan ƙarshe na san ko an rabu lafiya." Tana tattara kwalaben lemo a ƙarƙashin kujeru, kiɗan na zubo mata daga manyan lasifikoki, ita kaɗai a ɗakin da ke cin ɗaruruwan mutane. Wata rana wani fim ya ƙare da jita, ita kaɗai, tana hawa tana sauka kamar mai kuka. Goggo ta tsaya cak da tsintsiya a hannu har allon ya koma fari. Tsohon da ke haska fim ya hango ta ta ƙaramar tagarsa. Bayan 'yan kwanaki ya miƙo mata kaset, ya ce, "Ga 'yan'uwan wancan da ya hana ki shara."

Ba ta jin yaren da suke waƙar da shi ko kalma ɗaya. Sunayen ƙungiyoyin ma ba sa zama a bakinta, sai ta raɗa musu nata. Akwai 'Yan Gidan Haya, saboda mawaƙinsu na ihu kamar wanda mai gida ya cire wa ƙyaure. Akwai Mata Uku, waɗanda take kunnawa in za ta yi babban wanki. Waɗanda ta fi so kuwa Masu Ta'aziyya take ce musu. Su a hankali suke farawa, kamar an zo gaisuwar mutuwa, sai ka saki jiki su rufto maka.

Ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki, wanda duk tafiyar da ya yi sai ya dawo mata da kaset, ko da shi kansa bai san me ke ciki ba. Bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da ɗa ɗaya yana firamare, ɗan fari kuma auta, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa har ya yi gemu. Mu kuwa Mai Firij muke ce masa tun da ya buɗe shagon gyara. Shi bai taɓa son kiɗan ba. A makaranta ɗan Tsawa ake kiransa, kuma bai manta ba.

Bayan rasuwar mijinta ne ta samu aiki a ɗakin wankin wani babban asibiti, a can ƙarƙashin gini inda babu taga. Na sha kai mata saƙo wurin. Injunan wanki ne jere, kowanne ya fi mutum tsawo, ga na busarwa suna ruri, ga bututun tururi na huci a saman kai. Ba a magana a wurin sai da ihu da nuni. An taɓa raba musu wata roba ta toshe kunne, kowa ya jefa tasa a aljihu. Goggo tata dabarar daban ce. Sai ta zura iyafis a kunne ta ƙarƙashin ɗankwali, ta ƙure murya har kiɗan ya danne injunan, ta yi ta jan zannuwan gado masu nauyi tana motsa kafaɗa. Haka ta yi sama da shekara ashirin.

Da ta sayi babbar waya ni na nuna mata yadda ake neman bidiyo. Na rubuta sunan Masu Ta'aziyya daga jikin wani tsohon kaset ɗinta, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan tsohon mai sanƙo fa?"

"Shi ne mai jitar, Goggo."

"Ƙarya kike."

"Wallahi shi ne."

Ta kai wayar kusa da ido, ta ja da baya. "Kai, duniya! Ashe tare muka tsufa da shi ban sani ba."

Daga ranar sai abin ya zama sabo. Ta gano wani wasa da suka yi a fili ana tafka ruwan sama, dubban mutane a jiƙe suna amshi, ta kalle shi har ta san inda mai ganga zai zame. Ta gano bidiyon masu kiɗan fim, maza da mata cike da dandali kowa da abin kiɗansa, ta riƙe baki. "Ashe jama'a guda ce ke sa ni kuka ina shara. Na ɗauka mutum biyu ne da inji." Akwai kuma wata yarinya da ke koyar da jita daga ɗakin kwananta, da tarin kayan wanki a bayanta. Goggo ba ta taɓa riƙe jita ba, amma ba ta ƙetare darasi, kuma kullum sai ta yi mitar kayan wankin.

Alamun sun daɗe da bayyana, mu ne ba mu lura ba. Sai ka yi sallama har ka gaji. Ka tambaye ta ya aiki, ta ce ai ta riga ta ci. In kana magana sai ta juyo maka da kuncin hagu, ta kafa wa bakinka ido. Tana ta canza iyafis, wai na yanzu ba su da ƙarko, murya ba ta fita. Duk muka ɗora wa kiɗan. Mutumin da kullum kunnensa a toshe, wa zai yi mamaki don bai ji sallama ba?

Mai Firij ya yi aure, matarsa malamar makaranta ce, Malama muke ce mata. Suka haifi namiji, Goggo ta sa masa Ango, ta ce ta samu mijin da zai riƙe ta. Ranakun da ba ta aiki, in an taso shi daga makarantar yara, wurinta ake kawo shi har uwar ta tashi. Yana da shekara huɗu a lokacin, ba ya zama wuri ɗaya.

Wata rana da yamma tana wanke-wanke a ɗan kicin ɗinta, ta ba ƙofa baya, yaron ya ja kujera ya zare sakata ya fita. Ƙwallonsa ce ta gangara matakala, ya bi ta. Ya faɗo tun daga sama har inda matakalar ta karya kwana, hannu ya karye, gira ta fashe. Nan ya kwanta yana kuka. Matar da ke ɗinki a ƙasa ce ta ji shi, duk da ƙarar kekenta. Ta ɗauke shi jina-jina ta hau da shi, ta tarar da Goggo tana ɗauraye kofi hankali kwance, igiyar iyafis rataye a wuyanta.

A asibitin da take aiki aka kai shi. Na same su a baranda, an shiga da yaron ɗinki. Goggo na zaune a bakin benci, rigarta duk jini, igiyar har yanzu a wuya. Mai Firij ya iso da baƙin mai a hannu. Ya leƙa ɗakin, ya dawo ya tsaya a kanta.

"Kiɗa, Inna? Wai kiɗa?"

Ba ta ɗago ba.

Malama na jingine da bango tana kuka. Ta ce, "Mai ɗinki ta ce Kaka yake ta kira. Kaka, Kaka, har muryarsa ta dishe."

Mai Firij ya sa hannu ya zare igiyar daga wuyan uwarsa, ya jefa a kwandon shara. Ban taɓa ganin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya ce tun yana yaro wannan abin ke ja masa abin kunya, ya haƙura, amma yanzu ya kai ga jini. Ya ce ta zaɓi abin da ta zaɓa, shi ma zai tsare nasa. Mutane suka fara tsayawa kallo, cikinsu har da abokan aikinta masu tura keken zannuwa. Goggo ta bar shi ya gama. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka yi gaskiya."

Ba a sake kawo Ango ba. Dangi kowa ya tofa nasa, babana ma ya ce dama ya faɗa. Tagar Goggo ta yi tsit. Da farko maƙwabta sun ce sun huta, amma da aka kwana biyu mai ɗinki ta tare ni a hanya ta ce, "Ki je ki duba goggonki. Shirun nan nata ya fi ƙarar damuna."

Na je da hantsi ranar da ba ta aiki. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na tura ƙofa na shiga. Tana zaune a bakin gado ta ba ni baya, tana ninke kaya. Na yi sallama. Na ce, "Goggo." Na ƙara da ƙarfi. Garin matsowa na yi tuntuɓe da tiren ƙarfe da ke jingine da kujera, ya faɗi a siminti ya yi ta wulwulawa, ƙarar da ko na ƙasa sai da suka ji. Goggo ta ɗauki wata riga ta kakkaɓe ta ci gaba da ninki. Na dubi kunnuwanta. Babu komai a ciki.

Da na dafa kafaɗarta ta zabura har rigar ta faɗi. Ta dube ni, ta dubi tiren a ƙasa, ta gane na gane. Na zagayo na zauna ta hagunta.

"Tun yaushe, Goggo?"

"Na dama ya daɗe. Na hagun ne ya biyo shi bara." Ta nuna gefen kanta. "Akwai wani gyare a nan ciki, ba ya hutawa."

"Ranar da Ango ya faɗi fa?"

Ta sunkuya ta ɗauko rigar da ta faɗi. Can ta ce, "Wayar na kan taga tana caji. Igiyar ce kawai a wuyana, don na saba. Babu abin da nake ji ranar sai ruwan famfo, shi ma a hannuna nake jin sa."

"To me ya hana ki faɗa? Kin bari ana ta zaginki!"

"'Yar nan, in kiɗa ne, sakarci na yi, mai sakarci kuwa ana sa ran ya shiryu. Wata rana a ce ta daina, a mayar mata da yaron. In kuwa kunne ne, shi ke nan." Ta goge hanci da bakin zani. "Ga aiki. Injin nan ƙararrawa yake bugawa in wani abu ya maƙale. Wa zai bar kurma kusa da shi?"

Sai da na yi mata barazanar kiran babana kafin ta yarda muka je wurin likitan kunne. Aka sa ta a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, aka ɗora mata abin ji a ka, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ji ƙara. Ina kallonta ta gilashi. Mai gwajin na ta murɗa abinsa, ita kuwa tana zaune a miƙe, babban yatsa a kan maɓallin, tana jiran a fara. Da ta fito ta ce, "Kiɗan nasu ba daɗi," ta yi dariya ita kaɗai.

Likitar mace ce, ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce na dama saura kaɗan, na hagu ya yi rabi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta tambayi irin aikin da take yi da abin da take sawa a kunne, ta ce duka biyun ne, injunan da kiɗan, ba za a iya raba laifin ba. Goggo ba ta tambayi magani ba. Cewa ta yi, "Likita, me ya sa jitar ce ta fara tafiya?"

Likitar ba ta gane ba, sai da Goggo ta yi bayani. Ashe tun tuni waƙoƙin suka fara zubewa. Siririyar muryar jitar ce ta fara ɓacewa, sai muryoyin Mata Uku, aka bar ta da ganguna kawai suna dukan banza, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Likitar ta ce haka ciwon yake, sirarun sautuka yake fara ci.

Aka ba ta na'urar ji, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ta taimaka wajen magana, in mutum ɗaya ne kuma yana gabanta. Da muka dawo gida ta kunna Masu Ta'aziyya, ta saurara kaɗan, ta kashe. "Gwangwanaye a buhu," in ji ta. Ba ta sake gwadawa a gabana ba.

Ta hana ni gaya wa ɗanta, amma na je. Na same shi a shago ya zura kai a bayan wani firij. Ni da shi abokan wasa ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ranar ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Na faɗa masa komai. Ya daɗe bai fito da kansa ba. Na ɗauka zai ce mu tafi wurinta yanzu-yanzu. Da ya fito idonsa ja, cewa ya yi, "Ke nan ta san ba ta ji, ta karɓi yaron."

Ba ƙarya ya yi ba. Malama ma da ta ji, abin da ta ce ke nan. Gaskiyar da na ɗauka za ta wanke Goggo sai ta canza wa laifin suna kawai.

Ita da kanta ta je ta gaya wa shugabar sashensu. Ba a kore ta ba, aka mayar da ita ɗakin ninki a sama, inda tsofaffin ma'aikata ke jera zannuwa da tawul a kan tebur. Ta tsani wurin. Ta ce kamar layin ganin likita. Takan sauka ƙasa lokacin hutu ta bi matasan da ke kan injuna tana cusa musu auduga a hannu, su karɓa su ce an gode Goggo, tana juya baya su zuba a aljihu.

An ɗauki watanni kafin Mai Firij ya taka benen. Bai zo da magana ba, da akwatin aikinsa ya zo. Ya gaishe ta, ya hau kujera, ya ja waya daga bakin ƙofa zuwa ɗaki da kicin, ya sa ƙwan lantarki ja guda biyu da ke walƙiya in an danna ƙararrawa ko an buɗe ƙofar. Ya sauka ya danna, ya dawo ya tambaye ta da hannu ko ta gani. Ta gyaɗa kai. Ta dafa masa shayi ya sha a tsaye. Daga baya aka fara kawo Ango, amma da uwarsa, kuma tare suke tafiya. Ba a sake barin su su biyu ba har yau, ita ma ba ta roƙa ba. Yaron na da tabo a gira, hannun ya warke sarai. Ya gano ita kaɗai ce babbar da aka yarda ya yi wa ihu, don haka sai ya hau cinyarta ya kama kunnen hagu ya kwarara mata labarin makaranta, ita kuma ta ce, "Wannan miji, ko kunya babu."

Kwanakin baya ta aiko a kira ni. Na biya bayan na tashi aiki, na same ta da waya a hannu. Masu Ta'aziyya ne suka fitar da sabuwar waƙa bayan shekaru suna shiru. Mai sanƙon ya rasu, wani saurayi ne a madadinsa. Ta ce ta kalli bidiyon ya fi a ƙirga, ta ga bakuna na motsi, ta ga yatsu na gudu.

"Ki saurara ki gaya mini. Kada ki yi mini ƙarya don ki faranta mini."

Ni ban taɓa son kiɗan nan ba, ta sani. Na sa iyafis a kunne, ita kuma ta kafa wa fuskata ido.

"A hankali suka fara, Goggo."

"Kullum haka suke farawa. Sai me?"

"Sai ganga ta shigo. Muryar mai waƙar ta yi kauri, kamar mai mura."

"Tsufa ne. Jitar fa? Tana kuka?"

Na ƙara saurara. "Ba kuka take ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa a hankali, kamar mai ba da haƙuri."

Ta taɓe baki. "Sabon yaron ne. Wancan ba ya ba kowa haƙuri."

Waƙar ta ƙare. Na cire, na duba taga, rana ta yi ƙasa kuma motar unguwarmu ba ta jira. Na fara laluben jakata. Goggo ta riƙe mini hannu, ta mayar da wayar cikin tafina.

"Mayar baya," ta ce. "Daga inda mai ganga ya ɗaga hannu sama. A nan fuskarki ta canza, kuma ba ki ce mini komai ba."